Alwatika ce ke riƙe da rufi

Ƙaramin kamfani gare ni, aikinmu kafa katakon rufi da buga kwano. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin ya taɓa zarto sai na miƙa masa gajerun falankai huɗu da ƙusa, na ce ya haɗa mini murabba'i. In ya gama sai ya danna kusurwa ɗaya da tafin hannu, nan take abin ya karkace. Sai na sa ya cire falanki ɗaya ya haɗa ukun da suka rage. Wannan kam ko ya danna da iya ƙarfinsa ba za ta gusa ba, sai dai katako ya karye ko ƙusa ta zare. Da zarar an tsayar da tsawon gefe uku na alwatika, kusurwoyinta ma sun tsaya ke nan, ba su da wata siffa ta biyu da za su ɗauka. Shi ya sa in ka ɗaga kai ka dubi katakon rufi kafin a buga silin, alwatika za ka gani cikin alwatika.

A ce faɗin gini mita 8 ne, mai shi yana son ƙololuwar rufi ta tashi mita 3 daga kan bango. Sai mu raba daga tsakiya, mu sami alwatika biyu, kowace da kusurwa mai digiri 90, gindinta mita 4, tsayinta mita 3. Nawa ne tsawon rafta, wato katakon da zai gangaro daga ƙololuwa zuwa kan bango? 4 sau 4 ya ba da 16, 3 sau 3 ya ba da 9, a haɗa 25, lambar da ake ninkawa da kanta ta ba da 25 kuwa ita ce 5. Wannan ƙa'ida Fisagoras ake jingina wa, masanin Girka na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake mutanen Babila sun riga shi saninta da fiye da shekara 1,000. Da ita muke gwada kusurwar bango kafin mu ɗora komai: mita 3 a wannan gefe, mita 4 a wancan, in tef bai nuna 5 daidai tsakanin alamomin biyu ba, bangon ya kauce. Sikwayar hannu, wato ma'aunin kusurwa, ba ta kama irin wannan kuskure a dogon bango, ta yi ƙanƙanta.

Inda gardama ta fi yawa shi ne lissafin fili. Alwatikar da ke fuskar rufi, wadda ake toshewa da katako ko kwano, girmanta rabin gindi ne sau tsayi: rabin 8 sau 3, murabba'in mita 12. Amma tsayin nan dole ya zama miƙaƙƙe daga ƙololuwa zuwa gindi. Sabon yaro idonsa kan rafta yake, don ita yake gani, sai ya sa 5 a gurbin 3 ya samo 20, a sayo kayan murabba'in mita 8 da ba su da wurin zuwa. Masu gida kuma nasu kuskuren akasin haka ne. Wani zai riƙe takardar lissafi ya ce, "Malam, ɗakin nan 8 ne da 10, murabba'in mita 80 ke nan, ina ka samo 100?" Sai na zana masa a ƙasa. Kwano kan gangara yake kwanciya, kowane ɓangare 5 sau 10, biyun 100, kuma ba a ma sa leɓen da ke zarce bango da inda kwano ke hawa kan ɗan'uwansa ba. Ba na gajiya da wannan bayani, domin mutumin da bai gane ba zai tafi yana zaton an cuce shi.

Kusurwoyin alwatika uku kullum digiri 180 suke haɗuwa su bayar. A rufin nan, kowace rafta tana tashi da kusan digiri 37, saura 106 a sama, kowace ta ɗauki 53. Da wannan ake yanka bakin katako ya zauna cif da ɗan'uwansa. In yankan ya kauce, ƙusa ce kaɗai za ta ɗauki nauyin da ya kamata katako ya ɗauka. In gangara ta yi kwance da yawa kuma, ruwa kan bi mahaɗar kwano ya komo ciki, in ta yi tsaye ta ci kaya, iska ta sami abin duka.

Wani lokaci ba a iya auna tsayi, sai gefe ukun kawai. A nan muke komawa ga hanyar Heron, wani masanin lissafi na Iskandariyya a zamanin da. A haɗa 5 da 5 da 8, a raba biyu, 9. A cire kowane gefe daga 9, a sami 4 da 4 da 1. A ninka 9 da 4 da 4 da 1, 144, wato 12 sau 12. Murabba'in mita 12 ɗin nan dai ya sake fitowa, ba tare da kowa ya hau sama da tef ba.