Yaron da ya kawo min waƙar jita daga ɗakinsa

Satin da ya wuce wani yaro ɗan jami'a ya shigo min sitidiyo da filasha a hannu, yace Oga don Allah ka saurari wannan ka faɗa min gaskiya, kar ka ji kunyata. Waƙar rok ce ya ɗauka a ɗakin kwanansa, shi ya kaɗa jita, shi ya kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, shi ya rera, gangunan kuma na cikin kwamfuta ne ya jera su a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Yace duk abokan da ya tura wa sun ce wuta ce, amma shi in ya saka ta bayan waƙoƙin 'yan jitar Agadas da yake bala'in so sai yaji tasa kamar an lulluɓe ta da bargo.

Wallahi naji daɗin zuwansa. Mu nan Kano aikinmu kusan duk fiyano ne da murya, nanaye, waƙar biki, bege, sai lokacin siyasa ya zo a cika mana shago, sai kayi wata shida ba ka ga jitar lantarki ba. Kuma miksin ɗin rok, wato daidaita sautukan waƙar, daban yake, domin jita mai gurnani da muryar mutum waje ɗaya suke zama a kunne, wajen 2,000 zuwa 4,000 na haz, wato ma'aunin kauri da sirantar sauti, kowa na son kujerar, in ba ka raba musu ba dole ɗaya ya danne ɗaya.

Na saka ta a sifikuna Yamaha HS5 na rage ƙara sosai, yadda za mu iya hira a kai. Ya dube ni yace Oga a ƙara mana, nace a'a ƙanena, da ƙara kowace waƙa daɗi take, a hankali ake gane me ya ɓace. Ai kuwa ana shiga amshi muryarsa ta nutse, baka jin ko kalma ɗaya. Sai na danna mono, wato na haɗe sautin dama da na hagu waje ɗaya kamar a sifika guda. Nan take jitar da ya ke taƙama da faɗinta ta koma siririya kamar ana kaɗa ta cikin bututu. Na tambaye shi sau nawa ka kaɗa jitar nan? Yace sau ɗaya, sai na kwafa na ajiye ɗaya dama ɗaya hagu na ɗan jinkirta ɗayar. To ga matsalar. Abu ɗaya ne ka raba biyu, in suka haɗu a sifika guda sai su riƙa cinye juna, kuma yawancin masu sauraronka a waya ko ƙaramar sifikar bulutut za su ji. Maganin kawai ka zauna ka sake kaɗawa karo na biyu da hannunka, ɗan bambancin da ke tsakanin bugun farko da na biyu shi ne faɗin da kake nema, babu fulogin, wato 'yar manhajar gyaran sauti, da zai baka shi.

Wannan duba da mono ɗin a wajen maigidana na koya, Allah ya saka masa da alheri. Na shiga wajensa lokacin kaset bai gama mutuwa ba, kusan shekara biyu aikina naɗe kebur da share ƙura da sayo shayi, ban isa in taɓa miksa ba. Ranar da ya fara barina na zauna, sai ya kashe fuskar kwamfutar yace to faɗa min me ka ji. Akwai wata tsohuwar rediyo mai sifika ɗaya a kan teburinsa, duk aikin da aka gama sai ya bi ta cikinta kafin ya fita, yana cewa mai shayi da direba da wannan za su ji, ba da manyan sifikunmu ba. Har yau ina da irinta a gefena.

Shi ya sa raina yake ɓaci da abin da sana'ar ta koma. Yau mutum ya samu laftof da manhajar sata ya sauke saitin wani daga intanet, gobe ya buga kati wai shi injiniya ne, yana karɓar kuɗin da ko man janareta ba zai saya ba. Sai kwastoma ya zo wajenka yana ciniki kamar tumatir yake saya a 'Yankaba, yana ce maka ai wane yana yi a rabin haka. Ya tafi, bayan sati biyu ya dawo da waƙa duk ta ƙone, mitar ƙarar sauti ja wur tun daga farko har ƙarshe, yace a gyara. Sautin da ya riga ya fashe wajen ɗauka ba ya dawowa, sai dai a rage muninsa.

Mu koma kan yaron. Ƙasan waƙar tasa ya cushe, jita da bes da babbar ganga duk sun taru wajen 200 zuwa 400 na haz, shi ne bargon da yake ji. Na yanke duk abin da ke ƙasa da 100 a jitocin, ya tsorata yace ai za ta rame, nace saurara tare da bes. Ya saurara ya yi shiru. Jita ita kaɗai tana iya zama siririya, nauyin da kake ji a rok na bes ne ke ɗauke da shi a ƙarƙashi. Sannan gurnanin ya yi yawa, ya murɗa shi har ƙarshe yana zaton ƙarfi ne, alhali sai ya mayar da sautin kamar ƙudan zuma, ba ka jin bugun yatsa. Ga kuma wani huuu a duk inda aka yi shiru, kukan wutar NEPA ne mai haz 50, ya shigo ta kebur mara kyau da cajar laftof da ya bari a jone. Keburan nan na jabu sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ka fasa kan ka tarar da waya kamar gashi, ni kaina an sha sayar min, yanzu da kaina nake siyo waya da kawuna in yi soda.

Muryar kuwa ya zuba mata eko har ta jiƙe, don ya ɓoye amon ɗakin, bangon siminti da tayil. Nace ka jingina katifa a bango, ka rataya bargo a bayanka, ka matso kusa da mayik kamar tazarar tafin hannu, ka kashe fanka na minti biyar ka daure da zafin. Muryarsa mai kyau ce fa, akwai wata 'yar tsaga a cikinta in ya ɗaga wadda nace kar ya kuskura ya goge ta da Auto-Tune, manhajar nan mai daidaita murya.

Ban taɓa masa tsarin waƙar ba, tasa ce. Na dai ce ya sake ɗauka, ya bar mita tana tsayawa wajen -6 a inda ya fi ƙara, wato ƙasa da inda take yin ja, ya fitar min da kowane layi, murya da kowane kayan kiɗa, daban a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kar ya turo min ta WhatsApp a matsayin sauti don matse ta ake yi. Duk mai son kawo mana aiki ma haka muke so.

Bayan kwana huɗu ya dawo. Jita biyu da ya kaɗa da gaske, dama da hagu, murya a tsakiya tsaf. Muka yi awa uku muna daidaitawa, sannan na bi da ita ta 'yar rediyon nan, muka saka a wayarsa, muka fita bakin titi wani mai adaidaita sahu da na sani ya saka mana a sifikarsa yana tambaya wai wane ne wannan. Kowace kalma ta amshin tana fita. Abu ɗaya ya rage, bes ɗin yana ɗan kaucewa a baiti na biyu saboda tsirkiyarsa ta tsufa, yace zai nemo sabuwa ya zo da ita ranar Asabar mu ɗauka a nan.