Asabar, ranar da na miƙa makulli

Yanzu na shigo gida, kuma sai na rubuta wannan kafin in kwanta, domin abin yana nan daram a ƙirjina.

Ƙarfe biyu na buɗe ɗakin da ƙungiyarmu ke taruwa wasannin tebur kamar kullum. Ni na zo da makulli, ni na jera kujeru, ni na fito da akwatunan wasa. Shekara uku ke nan haka muke. Mu goma sha bakwai muka hallara yau. Tebur ɗaya suka baje Catan, 'yan Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari saura su taka rawa a cikinsa, suka koma lungunsu da Malam mai ja musu labarin, ni kuma na zauna Pandemic da sababbin zuwa uku.

Ina ƙaunar wannan wasa na Pandemic tun ranar da na fara taɓa shi. Matt Leacock ya fitar da shi a 2008, kuma a cikinsa ba wanda ke neman kayar da ɗan'uwansa. Duk ku taru ne ku samo maganin cututtuka huɗu kafin su cinye taswirar duniya, ko ku ci tare ko ku faɗi tare. Kowa da aikinsa, kowa da motsi huɗu idan layi ya zo kansa. Wata ƙanwarmu ce ta samu aikin masaniyar kimiyya, wadda kati huɗu masu launi ɗaya suka ishe ta samo magani, alhali saura sai sun tara biyar. Duk sa'ad da za ta motsa sai in ce je nan, riƙe wannan, kar ki yar da wancan. Can sai ta kife katunanta ta ce, "Yaya, in kai za ka buga mini, karɓi katin, ni in yi kallo."

Mun ci wasan, amma ko murmushi ba ta yi ba. Kunya ta rufe ni, domin gaskiya ta faɗa.

Da ƙarfe shida muka zauna taro. Batu biyu ne: sauya ranar haɗuwa, da wasan da za a saya da kuɗin karo-karo. Ina tambaya, amsar da na saba ji ta dawo: "Duk yadda ka gani." A da daɗinta nake ji. Yau kuwa sai na ga katunan nan a kife. Mun daɗe muna alfahari cewa ba mu da shugaba, duk aikin sa kai ne, kowa daidai yake da kowa. Ashe akwai shugaban, suna ne kawai ba a raɗa masa ba. Na faɗa musu haka, na kuma ce na gaji.

Malam ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "A teburina kowa ya san ni ke jan labari, don haka in na karkata ana iya tsayar da ni. Kai kuwa aikinka ba shi da suna, ba shi da wa'adi. Ta ina za mu tuhume ka, ta ina kuma za mu taya ka?" Na ce, "Haka ne, Malam." Ruwa ba ya tsami banza, mutum biyar sun daina zuwa bana, ban taɓa bin ba'asi ba.

Muka raba aikin gida uku: mai kula da ɗaki da jadawali, ma'aji, da mai kula da wasanni da littafin aro. Wa'adi wata shida, ba a yi fiye da sau biyu a jere. Ƙananan abubuwa mai aikin ya yanke abinsa, ba sai an tara jama'a a kan jera kujeru ba. Matsakaita a sa a zaurenmu na WhatsApp, in kwana uku suka wuce ba wanda ya ƙi, ya zauna. Manya, wato kashe kuɗi mai yawa, sauya wuri, ko dakatar da wani, sai an kaɗa ƙuri'a an samu kashi biyu cikin uku.

A nan aka ja. Wani ya dage sai kowa da kowa ya yarda. Na fahimce shi, tsoron danniya yake ji, amma ban goyi baya ba, domin ta haka mutum ɗaya zai iya ɗaure mu goma sha shida har abada. Muka tsaya a kan cewa duk wanda aka rinjaya, za a rubuta hujjarsa a littafin taro, kuma yana iya sake ta da batun bayan wata uku.

Abin da ya gagare mu shi ne inda za a kai ƙorafi idan ɗaya daga cikin ukun ne ya yi laifin. Mun ɗage shi zuwa mako mai zuwa, kuma yana damuna.

Ƙanwar nan aka zaɓa ta kula da ɗaki. Da na miƙa mata makullin sai da hannuna ya yi nauyi. Ta ce, "Yaya, za ka nuna mini yadda ake yi?" Na ce zan nuna mata in ta tambaya. Gobe da safe zan kai wa sabon ma'aji littafin kuɗi. Akwai lissafin wata biyu da ban shigar ba, sai na gama shi yau.