Yadda na cika sharaɗin Faransanci ina nan Kaduna

Jami'ar da na nema a Faransa ba ta tayar da wata magana a kan digirina na kimiyyar ƙasa ba. Layi ɗaya ne a cikin sharuɗɗanta ya tsaya mini: da Faransanci ake koyar da kwas ɗin digiri na biyu, don haka dole mai nema ya kawo shaidar ya kai matakin B2 na iya harshen. Ni kuwa Faransancina bai wuce na ƙaramar sakandare ba, gaisuwa da ƙirge, shi ma rabinsa ya gudu.

Turawa sun raba matakan iya harshe gida shida, daga A1 da A2, sai B1 da B2, har C1 da C2. Wanda ya kai B2 shi ne zai saurari lacca ya bi zancen, ya karanta jarida, ya kuma kare ra'ayinsa idan an ja da shi. Shaida iri biyu aka fi karɓa. Akwai TCF, wadda sakamakonta ke daina aiki bayan shekara 2, akwai kuma DELF, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Faransa ke bayarwa tun 1985, ita kuwa in ka samu ka samu ke nan har abada. DELF na zaɓa, domin ba ni da tabbacin kuɗin tafiya zai haɗu a shekarar da nake so. Duk mai wannan niyya ya duba abin da sashen karatunsa ya rubuta, kada ya tsaya a kan na jami'a kawai, domin wasu sassan, irin su shari'a da adabi, sukan nemi C1.

Na shiga ajin yamma a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke nan Kaduna, ina tasowa daga aiki in wuce. Nahawu bai wahalar da ni yadda na ji tsoro ba. Bahaushe ya saba da raba sunaye namiji da mace, sai dai rabon nasu ba lallai ya zo daidai da namu ba, don a wurinsu rana namiji ce, wata kuma mace. Kunne ne ya ba ni wuya. Bafaranshe yakan haɗiye haruffan ƙarshen kalma ya manna ta da ta gabanta, jimlar da ka gane sarai a rubuce sai ta wuce ka a baki ba ka kama ko kalma biyu ba. Maganin da na samu shi ne labaran RFI na sauƙaƙan Faransanci, shirin minti 10 da ake sa rubutunsa a intanet. Ina saurara a mota daga Kawo zuwa cikin gari, da dare in buɗe rubutun in ga inda kunnena ya ɓata hanya, in sake saurara.

Amma wanda ya buɗe mini baki wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai sayar da yadi a Kasuwar Bacci. Ya yi shekaru yana koyarwa a firamare a Nijar kafin ya koma kasuwanci. Ƙanin mahaifiyata ne ya haɗa mu. Ran da na fara zuwa, bayan mun gaisa ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya ce, “Ɗana, daga yau in ka zo shagon nan ka bar Hausa a bakin ƙofa. Sai in za ka tafi mu yi sallama da ita.”

Na ce, “Baba, ai ban iya haɗa magana ba tukuna.”

Ya ce, “Da ka iya, me zai kawo ka?”

Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, sai ya jefo mini batu: a hana acaɓa shiga gari ko a bar su? Ɗalibi ya riƙe waya a makaranta ko a'a? Duk ɓangaren da na ɗauka, shi sai ya ɗauki kishiyarsa. Ba ya katse ni in gyara kalma. Sai na gama zai maimaita jimlolina daidai, in bi shi. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, in faɗi ra'ayi ba hujja. Nan take zai tambaye ni dalili, in na ba shi ya nemi misali. A makarantunmu an saba mu da haddace abin da malami ya faɗa mu mayar masa, kuma a ganina wannan al'adar ta fi ƙarancin kalmomi kayar da mutanenmu a B2. Abin yana ci mini rai, domin muna da maƙwabta 'yan Nijar da Kamaru da Chadi a unguwanninmu, da yawansu sun yi boko da Faransanci, amma ba ma tunanin zama mu koya a wurinsu.

Jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana. Kowane kashi maki 25, ana cin jarrabawa da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi guda ya faɗi gaba ɗaya, ko da ya cinye sauran. A rubutu ana son aƙalla kalma 250 cikin awa ɗaya, galibi wasiƙar hukuma ko sharhi mai hujjoji, kuma tsarin buɗe wasiƙa da rufe ta yana da ƙa'idarsa da sai an koya. A magana za a ba ka gajeren rubutu, ka yi minti 30 kana shiri, sannan ka zauna gaban masu jarrabawa wajen minti 20, ka fito da matsalar da rubutun ya taɓo, ka faɗi matsayinka, su kuma su ja da kai. Nawa a kan aiki daga gida ne. Da ɗayarsu ta fara musa mini, ban ji faɗuwar gaba ba, don ban ga abin da ta yi wanda Baba bai riga ya yi mini fiye da haka ba.

Lokaci ma abin lissafi ne. Ba kullum ake zana DELF ba, tana da ranakunta a shekara, rajista kuma tana rufewa tun da sauran makonni. Sakamako yakan ɗauki lokaci, takardar asali kuma daga Faransa take zuwa, sai dai ana ba da ta wucin gadi kafin nan. Neman gurbi ta hannun Campus France, hukumar Faransa mai kula da masu neman karatu daga ƙasashen waje, wajen ƙarshen shekara yake farawa, don karatun da za a shiga a watan Satumba. Wanda ya bar jarrabawa sai an buɗe neman gurbi, da wuya shekarar ba ta kuɓuce masa ba. Daga farawa zuwa cin B2 na haura shekara ɗaya, kuma ban yarda da masu tallan wata uku ba ga wanda ya fara daga tushe yana kuma zuwa aiki.

Na ci, saurare ne mafi ƙarancin makina. Jami'ar ta ba ni gurbi. Yanzu kafin biza ta fito, littafin kimiyyar ƙasa na Faransanci nake karantawa, domin sunayen duwatsu da ma'adinai da kalmomin ruwan ƙarƙashin ƙasa babu ko ɗaya a darussan DELF, kuma da su za a yi mini lacca tun makon farko.