Yadda na bi nasabar ƙadangarun tsibirai tare da ɗalibaina a Bauchi

Darasin sauyin halittu yana cikin darussan da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare suke haddacewa domin jarrabawa kawai, shi ya sa a zangon da ya wuce, a makarantar da nake koyar da ilimin halittu a cikin garin Bauchi, na ajiye littafi na sa su yi aikin da hannunsu. Na zaɓi ƙadangarun da ake kira Anolis, masu nau'i kusan 400, na kuma taƙaita a kan na manyan tsibiran Karibiyan guda huɗu, wato Kyuba da Hisfaniyola da Jamaika da Fuwarto Riko.

Tun a 1972 masanin nan Ernest Williams na Jami'ar Harvard ya bayyana cewa ƙirar jikin waɗannan ƙadangaru tana tafiya ne da inda suke zama. An kasa su gida shida, daga manya-manyan da suke can ƙololuwar bishiya zuwa 'yan sirara masu dogon wutsiya da suke cikin ciyawa. Kyuba da Hisfaniyola suna da duka shidan, Fuwarto Riko biyar, Jamaika huɗu. Gida biyu na ɗauka saboda bambancinsu a fili yake: masu zama a gindin bishiya kusa da ƙasa, waɗanda dogayen ƙafafunsu na baya suke ba su gudu da tsalle, da kuma masu bin ƙananan rassa, waɗanda gajerun ƙafafu suke taimaka musu su riƙe siririn reshe suna tafiya sannu a hankali.

Na buga hotunan nau'i takwas, biyu daga kowane tsibiri, na yanke sunayen wuraren, na ce su haɗa kowa da danginsa. Ba su ɓata lokaci ba. Masu dogayen ƙafafu suka koma gefe guda, masu gajeru ɗaya gefen, har wata ɗaliba ta ɗaga hoton Anolis valencienni na Jamaika da na Anolis occultus na Fuwarto Riko ta ce, "Malam, ai waɗannan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." A ganina hukuncinta daidai ne bisa hujjar da take hannunta, domin duk wanda ya ga dogon bakin nan da siririn jiki da gajerun ƙafafu a hotunan biyu haka zai faɗa.

Sannan muka koma kan kwamfuta. Na riga na sauke jerin haruffan DNA, wato bayanan gado da halitta take samu daga iyayenta, na kowane nau'i daga rumbun GenBank da yake intanet, na wani sashe da ake kira ND2, muka jera su layi-layi a manhajar MEGA yadda kowane harafi zai zo daidai da takwaransa, muka sa ta zana mana bishiyar nasaba. Abin da ya fito ya rushe rabon da suka yi. Anolis valencienni ya rabu da mai kama da shi, ya manne wa Anolis lineatopus, ɗan gindin bishiya mai dogayen ƙafafu, wanda ba abin da ya haɗa su a ido sai dai dukansu 'yan Jamaika ne. Kama da wane ba ta wane. Wannan shi ne abin da masanin halittu Jonathan Losos da abokan aikinsa suka nuna a 1998: kowane tsibiri ya samar da waɗannan siffofi da kansa, saboda siririn reshe iri ɗaya ne a Jamaika da Fuwarto Riko, kuma ƙadangaren da ƙafarsa ta dace da reshen shi ne yake rayuwa ya bar zuriya.

Sai dai bishiyar nasabar ba ta bar mu mun ce tsibiri kaɗai ne yake yanke nasaba ba. Nau'i biyun Kyuba ba su haɗu ba. Anolis sagrei ya fi kusa da na Jamaika a kan maƙwabcinsa Anolis angusticeps, domin Kyuba tana ɗauke da zuriyoyi da dama da suka daɗe da rabuwa. A nan na fi daɗewa da su, na kuma koyi cewa dole ne a nuna wa ɗalibi lambobin da suke jikin rassan bishiyar, waɗanda suke faɗin ƙarfin hujjar kowane reshe. Rassan da suke can gindi lambobinsu ƙanana ne, saboda guntun sashe guda na DNA ba ya isa ya warware rabuwar da ta auku miliyoyin shekaru da suka shuɗe.

Tambayar da ta fi taso musu ita ce tsawon lokacin da irin wannan sauyi yake ɗauka. Na kawo musu labarin tsibirin Pod Mrčaru na ƙasar Kuroshiya, inda aka kai ƙadangaru goma, maza biyar mata biyar, a 1971, kuma rahoton da ya fito a 2008 ya nuna jikokinsu sun ƙara girman kai, suna cin ganye fiye da kakanninsu.

Daga nan muka fita wajen namu ƙadangarun. Da zargen zare a bakin dogon kara muka kama jan-gwada da matansa a jikin katangar makaranta da kuma kan wani dutse da yake kusa, muka auna ƙafar baya da tsawon jiki daga baki zuwa gindin wutsiya, muka sake su. Awon ƙafa shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an raba shi da tsawon jiki, kuma wajibi ne a ware maza daban, mata daban, ƙanana daban, in ba haka ba bambancin shekaru ne za a auna. Da muka yi hakan, ba mu ga wani bambancin kirki tsakanin na dutse da na katanga ba. Duwatsun Bauchi, har da manyan na wajen Dass, suna tsaye ne kamar an ware su, amma ƙadangare yana sauka ya ratsa gona ya hau katangar gida, jinin wannan yana gauraya da na wancan, alhali na Jamaika teku ce ta raba shi da na Kyuba. A zango mai zuwa da wannan awo zan fara, kafin a taɓa hoto ko kwamfuta.