Inda na kai a karatun ƙarshen wasa tare da Averbakh

'Yan'uwa masu koyon darar ces, a wannan watan na ajiye haddar buɗe wasa, na koma ga ƙarshensa, wato lokacin da allo ya yi fayau, ba sauran komai sai sarakuna da 'yan kaya kaɗan. Jagorana a nan Yuri Averbakh ne.

An haife shi a Kaluga ta ƙasar Rasha a 1922. Ya zama grandmasta, wato babban laƙabin gwanaye a ces, a 1952, ya buga babbar gasar Zurich a 1953, sannan ya lashe kambun Tarayyar Sobiyet a 1954, a gaban manyan 'yan wasa irin su Korchnoi da Petrosian. Ya rasu a Mosko a 2022 yana da shekara 100. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina alƙalaminsa ne. Ya daɗe yana editan mujallar ces ta Sobiyet, kuma shi ya jagoranci rubuta kundin ƙarshen wasa mai juzu'i 5. Da ƙaramin littafinsa na masu farawa nake aiki.

Abin da ya zauna mini yanzu shi ne sarki da soja ɗaya a kan sarki tilo. Idan sarakunan biyu suka fuskanci juna da gida ɗaya a tsakani, wanda motsi ya faɗo kansa shi zai kauce. Don haka sarkinka ne zai shige gaba ya share hanya, sojan ya biyo baya. In sarkinka ya hau layi na 6, ƙirge daga ɓangarenka, a gaban sojan, ka ci wasan, ko na wa ne motsi. Amma ku kula da sojan gefen allo: da zarar sarkin abokin karawa ya shige lungu, kunnen doki za a tashi, komai dabararka.

Ina jera yanayin a allo na katako, in buga ɓangarorin biyu da hannuna, sai na gama in duba amsa. Kallon waya kawai ba ya sa abin ya shiga jiki.

Mako mai zuwa zan shiga ƙarshen wasa na hasumiya, in fara da yanayin Lucena, wato sarki da hasumiya da soja ɗaya a kan sarki da hasumiya, inda ake kai hasumiya layi na 4 ta kare sarki. Wanda ya riga ni wucewa nan, ya faɗa mini yadda ya yi atisayensa.