Kwana Biyu a Shalatin

Tun fitarmu daga Marsa Alam, wani gari a gaɓar Bahar Maliya a Masar, ake tsayar da mu, amma shingen da ke bakin Shalatin ne ya fi ɓata mini rai. Jami'in ya jujjuya fasfona, ya duba takardar izinin da na sha wuya kafin na samu a Alƙahira, sannan ya tambaye ni abin da ya kawo ɗan Nijeriya nan. Na yi suɓul da baka na ce na zo ganin Halayib, yankin da Masar da Sudan ke taƙaddama a kansa. Nan take ya ɗaure fuska, ya ce babu wata taƙaddama, ƙasar Masar ce, ya shanya ni a rana kusan awa ɗaya.

Garin ƙarami ne, kuma kasuwar raƙuma ce ke riƙe da shi. Daga Sudan ake koro su, kowanne an naɗe masa ƙafar gaba ɗaya an ɗaure, yana ɗingishi yana kuka har a tura shi cikin babbar mota. Sai na ji kamar ina Maigatari ranar Alhamis, illa dai dillalanmu sun fi sakin fuska, farashin nan kuma a ganina ya yi tsada.

A can wani dattijo ɗan ƙabilar Bishariyin ya ja ni rumfarsa, ya soya 'ya'yan gahawa a gabana, ya daka da citta, ya dafa a ɗan tulun da suke kira jabana. Ya hana ni biya, ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya sayen gahawa."

Shi ya ja mini layi biyu a rairayi da yatsa. Na farko na 1899 ne, lokacin da Ingila da Masar suka sa iyakar Masar da Sudan a kan layin taswira na digiri 22, wanda ya bar Halayib a ɓangaren Masar. Na biyu na 1902 ne, da Turawa suka miƙa gudanar da yankin Halayib ga Sudan, wai saboda mutanensa sun fi kusa da hukumar Khartum. Masar ta riƙe na farko, Sudan ta riƙe na biyu, shi ya sa Bir Tawil, wani yankin hamada wanda ba shi da teku, ya rasa mai so, don duk layin da ya ba ƙasa Halayib ya bar wa ɗayar Bir Tawil. A 1958 shugaban Masar Nasir ya turo sojoji ya kuma janye su, Sudan ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan yunƙurin kashe shugaban Masar Mubarak a Addis Ababa a 1995, wanda Masar ta zargi Sudan da hannu a ciki, ne Masar ta ƙarfafa ikonta gaba ɗaya. Na ba shi labarin Bakassi, wadda kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, ya yi dariya ya ce nan Masar ta ƙi zuwa kotu. Da na tambaye shi ɓangaren da yake goyon baya, sai ya share layukan da tafin hannu, ya ƙara mini gahawa.

Na so ƙarasawa garuruwan Abu Ramad da Halayib da ke can cikin yankin, amma izinina bai kai can ba. Washegari na bi motar dare zuwa Hurghada, ina ta warin raƙumi har Alƙahira.