Laraba: dashen madaci da shingen lalle

An yi ruwa mai kyau daren jiya a Birnin Kebbi, ƙasa ta sha, sai Malam ya ɗage darasin zanen fili aka fita da ajinmu dashe a gefen hanyar da ta bi bayan ɗakunan karatu. Dama ƙarshen Yuli ne lokacinsa a nan. Damina ta zauna, kuma da sauran kamar wata biyu kafin ruwa ya ɗauke. Wanda ya bari sai Satumba ya dasa, ya ɗauko wa kansa dakon jarka har rani ya fita.

Da awo aka fara: igiya, turaku, tef. Madaci aka zaɓa don layin inuwa, mita 10 tsakanin kowane biyu, mita 6 daga gini. Wani ya ce, "Malam, ai wurin zai yi fayau, me zai hana mita 4?" Malam ya ce, "Kai na cikin leda kake gani, ni kuwa na shekara 20." Kusurwar shinge kuma da awon 3-4-5 aka fitar: mita 3 ta nan, 4 ta can, in tsakanin bakinsu ya ba da 5 cif, kwana ta tsaya daidai.

Ramukan tun Litinin aka haƙa su, santimita 60 a faɗi da tsawo da zurfi, ƙasar sama an tara ta gefe guda, ta ƙasa wani gefen. A tudun nan ba a nisa ake cin karo da marmara, shebur ya ƙi, sai diga. Ruwan jiya ya yi mana gwaji kyauta: yawancin ramukan sun tsotse, kaɗan kuwa har hantsi ruwa na kwance ciki. Irin wannan rami tukunya ce. In aka sa itace a ciki saiwa ba ta samun iska, ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara masa ruwa. Aka fasa gindinsu da diga har aka huda marmarar, wanda ya gagara aka matsar da turkensa.

Haɗin cikawa: baro 2 na ƙasar sama, baro 1 na ruɓaɓɓen taki. Ana gane wanda ya ruɓe da hannu: baƙi ne, yana marmashewa, ba wari, ba ɗumi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, ga kiran gara. Takin zamani ba ya shiga rami yau. Sai bayan mako shida, in sabon toho ya fito, a zagaya da cikin kwalin ashana na NPK 15-15-15, taƙi guda daga gindi, a rufe da ƙasa.

Wurin fitar da ɗan itacen daga leda aka fi yin ɓarna. Ba a finciko shi ta kara. Ana shayar da shi tun daren jiya don ƙasar ta riƙe, a kwantar da ledar, a yanke gindinta da reza kamar faɗin yatsa. Wannan yankan ne ke tafiya da saiwar da ta naɗe a ƙasan leda. In an bar ta, haka za ta ci gaba da zagaya kanta, itacen ya tsumbure ko iskar farkon damina ta kayar da shi bayan shekaru. Sannan a tsaga gefe, a zare ledar gaba ɗaya. Sai a gitta sanda a bakin rami a duba: wuyan itacen, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya yi daidai da doron ƙasa. Binne wuya na ruɓar da ɓawo. A cika, a danna da ƙafa ba da ƙarfi ba, a yi masa kwarmi zagaye, a juye lita 20 ko da ƙasa na da laima, don ta zauna jikin saiwa.

Buntun shinkafa muka shimfiɗa a kwarmin, kaurin yatsa huɗu, tunda a Kebbi ba a rasa shi wurin masu injin casa. Kada dai ya taɓa kara, gara na bin sa. Kariya kuwa dole ce: ƙayar bagaruwa a kan turaku huɗu, in ba haka ba awaki su gama da shi kafin la'asar. Ni abin da nake jiye wa madaci ba akuya ba ce, masu sassaƙe ne. In ya girma aka zagaye ɓawonsa don magani, ya tafi.

Lalle bai ɗauki lokaci ba. Kwari ɗaya doguwa, santimita 40 tsakani, in ya kama a datse kansa a tsayin gwiwa don ya yi rassa tun daga ƙasa, kada shingen ya tashi da ƙafafu tsirara.

Gobe gandun reno: cika leda da zuba irin dogon yaro da aka wanke yau, don shi 'yan makonni kaɗan ƙarfin tsirarsa ke yi.